Yadda Ake Shawo Kan Ƙwannafi Mai Yawan Dawowa

Duk wanda ya kawo mini kukan ƙwannafi, abin da yake fara tambaya shi ne wace saiwa zai jiƙa. Ni kuma sai in tambaye shi ƙarfe nawa yake cin tuwon dare. A nan Sakkwato amsar ba ta wuce bayan Isha'i, a ci a ƙoshi, a kora da fura, a miƙe a tabarma ana shan iska. Wanda ke haka, ko buhun magani ya shanye, ƙirjinsa ba zai daina zafi ba.

Akwai wata 'yar ƙofa ta tsoka tsakanin hanyar abinci da ciki, aikinta ta rufe da zarar loma ta wuce. Idan ta saki, ruwan cikin nan mai tsami da ke narka abinci sai ya yi sama, ya ƙona ƙirji, wani lokaci har ka ji ɗacinsa a maƙogwaro. A tsaye ko a zaune, ruwan na kwance a ƙasan ciki. Kana kwantawa ya samu hanya.

Don haka mataki na farko agogo ne. A bar awa 3 tsakanin lomar ƙarshe da kwanciya. Ka ci tuwonka da an sallame Magariba, kuma kada ka cika ciki fam. Da azumi abin ya fi tsanani: ƙosai da kunun tsamiya da soyayyen dankali a buɗa baki, sannan a tafi asham ana ruku'u da sujada da cikakken ciki. Ka sha ruwa da dabino, ka ɗan taɓa abu kaɗan, sauran bayan an idar. Barcin bayan Asuba da sahur a ciki kuwa, in ya zama dole, yi shi a jingine.

Na biyu shi ne shimfiɗa, kuma nan na sha wuya. Da aka ce in ɗaga kai, sai na jera matashi uku. Wata biyu ina tashi da ciwon wuya, ƙwannafin kuma sai abin da ya ƙaru, domin matashi wuya kawai yake ɗagawa, jiki ya lanƙwashe, ciki ya matsu. Abin da ake so gangara ce tun daga ƙugu har kai. Mai gado ya sa bulo ƙarƙashin ƙafafun gadon biyu na wajen kai, tsayin santimita 15 zuwa 20. Mai katifa a ƙasa ya naɗe tsohon bargo ya cusa ƙarƙashinta, da kauri wajen kai, yana sirancewa zuwa tsakiya. Lokacin zafin Maris da Afrilu da ake kwana a tsakar gida, na kan tara yashi ƙarƙashin tabarma in daidaita shi da hannu. Bulo biyu dai ba su kai kuɗin kwalba ɗaya ta maganin da ake talla da lasifika a bakin kasuwa ba.

Kwanciya ta hagu ta fi rage tasowar ruwan, saboda yadda ciki ya karkata ta wannan gefen. Na san za a ce sunna dama ce. Ni da dama nake farawa, in yi addu'o'ina, in na ji alamar zafi in juya.

Sai magani. Ranar da Inna ta ga ina dafe da ƙirji, cewa ta yi, "Ɗan nan, mi kaka jira? Jiƙa kanwa ka sha." Na sha, cikin minti kaɗan na yi gyatsa, zafin ya kwanta. Kanwa na kashe tsamin nan take, babu musu, amma cike take da sinadarin gishiri. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, mai ciki da mai jego su bar ta, sauran ma kada ta zama ta kullum. Abin da na fi yarda da shi hulba ce: ƙaramin cokali ɗaya a jiƙa a kofin ruwa ta kwana, a sha ruwan da yauƙinsa kafin cin abinci. Mai juna biyu da mai shan maganin suga su fara tambayar likita. Citta ɗanya, yanki kamar kan ɗan yatsa, a tafasa a sa zuma kaɗan. In ta yi yawa ita kanta ƙona ƙirji take yi. Na'a-na'a kuwa a fitar da ita daga shayi gaba ɗaya, sassauta ƙofar nan take yi duk da sanyin da ake ji a baki.

Abinci kowa da nasa abokin gaba, sai ka riƙa lura. Waɗanda aka fi kamawa da laifi: yajin tsire da kilishi, attaruhu, miyar tumatir mai iyo da mai, miyar sure, zoɓo, lemun kwalba, goro da shayi mai kauri. Ni na koma kuɓewa da kuka da karkashi. Fura da rana, a rage mata yaji, nonon kada ya yi tsami can. Madara na sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, maiƙonta ya dawo da zafin daga baya.

A sassauta tazuge, a rage teɓa, a bar sigari. Haɗin maganin gajiya na kemis ma a kiyaye, sau da yawa akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, kuma suna cin bangon ciki.

Idan an yi duk wannan mako 3 ko 4 ƙwannafin na zuwa fiye da sau biyu a mako, ko abinci na tsayawa a wuya, ko ana rama, a tafi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a duba. In sun rubuta omeprazole, maganin rage ruwan tsamin ciki, minti 30 kafin karin kumallo ake shan sa, ba bayan zafi ya taso ba. Aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, ko ciwon ƙirji mai sauka hannu da zufa, wannan ba a jira gari ya waye.