Darasi na 9: Ina kurkunu ta tafi?

Dattawan ajin nan sun san kurkunu. Sun ga manomin da damina ta wuce shi yana kwance, ana naɗe tsutsa a tsinke kaɗan-kaɗan daga ƙafarsa. Jikokinku kuwa ko sunanta ba su taɓa ji ba.

A 1988 an ƙidaya masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya. Mu karanta tare: dubu ɗari shida da hamsin. Cutar ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Tace ruwan tafki da ƙyalle aka koya wa mutane, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka hana mai ciwon tsoma ƙafa a ruwan da ake sha. Cibiyar Carter, ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, mai ofishi a nan Jos, ta yi aikin tare da Janar Yakubu Gowon. A 2008 aka ga mai cutar na ƙarshe, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta ƙare a ƙasar nan.

Shan-inna ma ta ja baya, saboda ɗigon rigakafi. Zazzaɓin cizon sauro ne mai taurin kai. A 2010, cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada, 42 na ɗauke da shi. A 2021 sun koma 22. An samu sauƙi, amma yaro ɗaya cikin biyar ba wasa ba ne, don haka gidan sauro na gado ne, ba na shingen lambu ba.

Akwai masu dawowa. Mashaƙo ya ɓarke tun ƙarshen 2022, ya fi cin yaran da ba su kammala rigakafi ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a Borno a 1969, yakan taso da rani. Fitsarin ɓera da kashinsa ne ke kai shi abinci, musamman shanyar da aka baza a bakin titi. A lura: in adadin masu cuta ya hau, wani lokaci gwaji ne ya ƙaru, aka gano abin da dā ake kira zazzaɓi kawai.

Aiki: Rubuta 650,000 da kalmomi. Cire 22 daga 42. Gobe kowa ya zo da katin rigakafin ƙaramin yaron gidansa, mu karanta ranakun tare.