Babi na 6: Ciyar da Murjani a Tankin Gilashi

Darasi na 1: Menene a cikin kwalbar?

'Yan'uwa, wannan babi naku ne, ku masu aikin gida a Malali da Unguwar Rimi da maigida ya bar wa tankin ruwan gishiri. Kada gabanku ya faɗi. Wanda ya iya kiwon kaji zai iya wannan.

Murjanin da ke cikin tankin dabba ne mai rai, ko da yake ido na ganinsa kamar dutse ko fure. Danginsa ne jan murjanin wuya na iyayenmu mata, wanda ake cirowa daga Bahar Rum. Yawancin abincinsa daga hasken fitilar tankin yake zuwa. Ƙarin abincin shi ne koren ruwan kwalba. Sunan da ke jikin kwalbar da harafin P yake farawa, ana karanta shi faitofilankiton. Mu a aji "koren ruwa" muke cewa. Ƙananan tsirrai ne masu rai. Murjani mai laushi yana cin su, ƙananan ƙwarin ruwa ma suna ci, su kuma murjani ya cinye su.

Ajiye kwalbar a firiji. Ban ce firiza ba, ƙanƙara kashe su take yi.

Darasi na 2: Girgiza kwalba

Kun san yadda koko yake kwanta a ƙasan kofi idan an bar shi? Haka koren ruwa yake yi. Idan ya daɗe a kwance, na ƙasa su mutu, su ruɓe. Saboda haka kullum da safe ka girgiza kwalbar, ko ranar ciyarwa ce ko ba ita ba ce.

Riƙe murfin da yatsa. Kifa kwalbar, ka miƙar da ita, ka sake kifawa. Ɗaga ta wajen taga ka dubi gindinta. Akwai kore a manne? To ba ka gama ba, sake girgizawa. Madalla, haka ake yi.

Yanzu kashe injin tankin mai tara kumfar datti, don kada ya kwashe abincin. Ɗauko sirinji marar allura, irin na kemis. Ka girgiza kwalbar kafin ka zuƙa? Idan ka ajiye ta ka je ka amsa sallama, girgiza ta kuma. Nemo adadin mililita da aka rubuta a jikin kwalbar, ka zuƙi rabinsa a makon farko. Zuba a inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Bayan minti 30 zuwa awa 1, kunna injin.

Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Wani ɗalibina ya zo mini da kwalba, samanta fari tas, ƙasanta dunƙule kamar miyar kuka da ta kwana. Da na buɗe, sai da 'yan aji suka toshe hanci. Ya ce ai yana sa ta a firiji. Firiji ba ya girgiza kwalba, Malam. Hannunka ne zai yi. Mai wari irin wannan zubar da shi ake yi, ba ya shiga tanki.

Rubuta a littafinka sau 5: Zan girgiza kwalba kullum.

Darasi na 3: Kada ka cika

Idan gansakuka ta fara rufe gilashi da sauri, abinci ya yi yawa. Rage. Idan an ɗauke wuta kuma ba a tada janareto ba, kada ka zuba komai.

Darasi na 4: Zafi da gishiri

Ma'aunin zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26 na Celsius. A watan Maris da Afrilu ka riƙa dubawa da rana. Idan ruwa ya ragu, ƙara tataccen ruwa marar gishiri, ban da na famfo.

Darasi na 5

Maimaita darasi na 2.