Yadda ake danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya kafin a isa asibiti

Idan babban mutum ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa ko a sahun sallah, kowa ya san abin da ke biyowa baya. Wani ya kawo ruwa a yayyafa masa, wani ya cire hula yana fifita, wani ya ruga neman Adaidaita Sahu. In suman yunwa ne ko na zafin rana, zai farfaɗo da kansa. In kuwa zuciya ce ta tsaya, duk wannan ɓata lokaci ne, domin ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 da yankewar jini. Da wuya motar asibiti ta iso cikin wannan ɗan taƙi, ko a Kano ko a Landan. Wanda ke tsaye a wurin shi ne likitan farko.

Masu bincike kan agajin gaggawa sun auna wannan da alƙaluma. A ƙasar Suwidin an bi diddigin mutum 30,381 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti, aka wallafa sakamakon a 2015. Cikin waɗanda aka danna wa ƙirji kafin ma'aikatan lafiya su iso, kashi 10.5 cikin 100 suna raye bayan kwana 30. Cikin waɗanda aka tsaya ana jira, kashi 4 ne kacal. Adadin ba shi da yawa ko ta wane ɓangare, gara a faɗi gaskiya, amma ninki biyu da rabi ba abin rainawa ba ne.

Ka fara da duba wurin

Kafin ka taɓa shi, ka ga me ya kayar da shi. In wayar wuta ce a jikinsa, a kashe wutar ko a ture wayar da busasshen itace. In ɗakin da janareto ke hayaƙi ne, a fito da shi waje. In bakin titi ne, wani ya tare motoci.

Sai ka durƙusa, ka dafa kafaɗunsa ka girgiza, ka ɗaga murya: “Malam! Malam, kana ji na?” In bai motsa ba, ka kwantar da shi rigingine, ka dafa goshinsa ka ɗaga haɓarsa sama, ka zuba wa ƙirjinsa ido. Kada wannan dubawa ta wuce daƙiƙa 10. Kada ka tsaya laluben jijiya a wuya ko a hannu. Ko ma'aikatan jinya sukan yi kuskure a nan, balle kai da hannunka ke rawa.

Gargarar da ke ruɗin mutane

A nan aka fi yin asara. Mutum da yawa, a mintunan farko bayan zuciya ta tsaya, sukan riƙa jan numfashi jefi-jefi, baki buɗe, da wani irin minshari ko gargara. Wasu ma sukan ɗan yi fizge-fizge kamar mai farfaɗiya. Masu kallo sai su rabu biyu. Waɗansu su ce ai yana numfashi, a ba shi iska. Waɗansu su ce gargarar mutuwa ce, sai a koma laƙƙana masa kalmar shahada, a fara neman zanen rufe shi. Duka biyun sun bar abin da ya kamata a yi. Wannan gargara ba numfashi ba ce, ragowar aikin ƙwaƙwalwa ne, kuma bincike ya nuna wanda ke yin ta ya fi wanda ya yi tsit damar rayuwa, don alama ce tsayawar ba ta daɗe ba. Mai kalmar shahada ya ci gaba da yi a kunnensa, babu abin da ya hana. Kai dai hannunka ya hau ƙirji.

Ka'idar a taƙaice: bai amsa ba, kuma ba ya numfashi irin na mai barci lafiya, to ka ɗauka zuciya ta tsaya. In kuwa yana numfashi daidai, sai ka kwantar da shi a gefensa, ka ci gaba da lura. Ko ta yaya, kada a ɗura masa ruwa, madara ko manja, kada a cusa cokali a bakinsa.

Ka ba mutum ɗaya aiki

Kada ka ce “jama'a a kira asibiti”, kowa zai zaci wani ya kira. Ka nuna mutum guda: “Kai mai farar riga, kira 112.” Ita ce lambar gaggawa a Nijeriya da Gana, in haɗarin mota ne a Nijeriya akwai 122 ta hukumar kiyaye haɗurra, a Nijar kuma 18 ta 'yan kwana-kwana. Wani ya nemo mota, wani ya duba agogo ya riƙe lokacin da mutumin ya faɗi. In kai kaɗai ne, ka buɗe sifikar wayar ka ajiye ta a ƙasa, kana magana kana aiki.

Dannawar kanta

Dole ya kasance a kan abu mai tauri. In a katifa yake, a sauko da shi ƙasa, don katifa ce za ta shanye ƙarfin. Ka durƙusa a gefensa daidai ƙirji. Ka ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirjin, a rabin ƙasa na ƙashin da ya raba shi biyu, ba a kan ciki ba, ba kuma ta hagu ba inda ake zaton zuciya take. Ka ɗora ɗaya hannun a kai, ka sarƙe yatsu. Gwiwar hannu a miƙe, kafaɗunka su yi saiti da hannuwanka, nauyin jikinka ne zai yi aikin.

Ka danna ƙirjin ya nutse santimita 5 zuwa 6, wato inci 2 da ɗan ɗoriya. Wannan ya fi abin da mutum ke zato nisa. Kuskuren sabon hannu kullum shi ne tausayi. Bayan kowace dannawa ka bar ƙirjin ya dawo daidai ba tare da ka ɗaga hannu ba, domin a lokacin ne zuciya ke sake cika da jini. Saurin kuwa sau 100 zuwa 120 a minti, kusan biyu a kowace daƙiƙa. Ka riƙa ƙirgawa da ƙarfi.

Abin da ya fi komai shi ne kada ka tsaya. Aikin kamar famfon tuƙa-tuƙa yake: ka saki, ruwa ya koma ƙasa, sai ka sake bugu da yawa kafin ya hau. Duk tsayawar da ta wuce daƙiƙa 10 tana zubar da abin da ka tara. Gajiya kuma tana zuwa kafin mutum ya ankara, dannawar ta yi sama-sama shi bai sani ba, saboda haka a riƙa karɓeɓeniya duk minti 2. Mai karɓa ya durƙusa a ɗaya gefen da hannunsa a shirye.

Kana iya jin ƙas a ƙarƙashin hannunka. Haƙarƙari ne ko guringuntsi, ka ci gaba, yana warkewa. Masu tsoron kada su danna wanda zuciyarsa ba ta tsaya ba, an bincika wannan ma a yankin Siyatil na Amurka: kusan 2 cikin 100 ne suka samu karaya, kuma ba a samu wanda kayan cikinsa suka ji rauni ba.

Mace ma haka ake yi mata, a kan rigarta. Wani bincike na 2018 a Amurka da Kanada ya gano a bainar jama'a kashi 45 na maza ne aka yi wa wannan agaji, mata kashi 39, kuma ana alaƙanta gibin da jin nauyin taɓa ƙirjin mace. In a can haka ne, a nan sai abin da ya ƙaru. In akwai macen da ta iya, ta yi. In babu, lalura ce, a kare ta da mayafi daga idon jama'a a ci gaba.

Hura iska fa?

Ga babban da ya faɗi kwatsam, dannawa kaɗai ta wadatar a mintunan farko, don jininsa da sauran iska. Wani babban bincike na Japan a 2007 ya ƙarfafa wannan, a 2008 kuma ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta amince wanda bai samu horo ba ya yi da hannu zalla. Yaro ƙarami da wanda aka tsamo daga ruwa su ne daban, don rashin iska ne ya tsayar da zuciyarsu. Su sai a haɗa: dannawa 30, a toshe hanci a hura sau 2. Yaro hannu ɗaya ya ishe shi, jariri manyan yatsu biyu, sauran yatsun sun zagaye ƙirjinsa.

Asalin dabarar ma ba daga likita kaɗai ta fito ba. A jami'ar Johns Hopkins, injiniyoyin lantarki biyu, William Kouwenhoven da Guy Knickerbocker, suna gwaji a kan karnuka, sai aka lura nauyin ƙarfen da ake ɗorawa a ƙirjin kare yana motsa jini. Suka haɗu da likitan tiyata James Jude suka wallafa a 1960: marasa lafiya 20, 14 suka rayu. Kafin nan sai an tsaga ƙirji a matsa zuciya da hannu.

Na'urar lantarki da batun mota

Dannawa ba kasafai take tayar da zuciya ba, riƙe ƙwaƙwalwa take yi har a samu na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki, wadda ake kira AED. Masu kallon ƙwallo sun ga wannan a ranar 12 ga Yuni 2021, lokacin da Christian Eriksen na Denmak ya faɗi a wasa da Finlan. Nan take aka hau ƙirjinsa, aka girgiza shi sau ɗaya, bayan wata takwas ya koma taka leda. In akwai na'urar a kusa, a kunna ta, ita ce za ta faɗi abin yi da murya. A manna faifai biyun da ke haɗe da na'urar a kan busasshiyar fata, ɗaya ƙasan ƙashin wuya ta dama, ɗaya ƙasan hammata ta hagu. In ta ce a ja baya, kowa ya ɗauke hannu, da ta gama a koma dannawa.

A ƙasashen da motar asibiti ke zuwa da na'urar, shawarar ita ce a zauna a wurin a jira. A mafi yawan garuruwanmu kuwa dole a tafi. To a zaɓi motar da zai kwanta miƙe a kan abu mai tauri, bayan a-kori-kura ko bas da aka naɗe kujerunta, mutum biyu su shiga suna karɓeɓeniya. A zaunar da shi a Adaidaita Sahu tsakanin mutum biyu, kai na lilo, shi ne mafi muni, don duk tsawon tafiyar babu ɗigon jinin da ke hawa kai.

Ana dakatawa ne idan ya motsa ko numfashinsa ya dawo daidai, ko ma'aikatan lafiya sun karɓa, ko ƙarfin kowa ya ƙare. A ƙofar asibiti ka faɗa wa nas abu huɗu: ƙarfe nawa ya faɗi, an ga faɗuwarsa ko iske shi aka yi, ƙarfe nawa aka fara dannawa, an girgiza shi da na'ura ko a'a. Suna cikin bayanan da masana suka daidaita a kai a taron Utstein na ƙasar Nowe a 1990, kuma da su likita zai yanke shawarar abin da zai yi. In aka ce sai an yanki kati tukuna, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 a Nijeriya ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa.