Bayan "was made", wace kalma ce za ta biyo?

Duk shekara in jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE ta matso, ajin yamma da nake koyarwa a Aboabo, nan Kumasi, yakan cika har wasu su tsaya bakin taga. Kuma duk shekara wuri ɗaya jan birona yake ƙarewa: 'yar ƙaramar kalmar nan da ke bin aikatau a jimlar da ake kira passive. Yaro zai rubuta "The thief was arrested" tsaf, da ya zo ƙara bayani sai ya ɓata rawarsa da tsalle.

Rabin farko bai kamata ya ba Bahaushe wuya ba, don muna da irinsa. "An kama ɓarawo", "an rufe kasuwa", ba mu ambaci wanda ya yi ba. Bature kuwa sai ya sa wanda abin ya faɗa wa a gaba, ya bi shi da is, are, was ko were, sannan siga ta uku ta aikatau, wato ta ƙarshe a jerin nan da kuka haddace, write, wrote, written. Shi ke nan.

Rabi na biyu ne rigimar. Mu in muka fara da "an", mun rufe ƙofar ambaton mai aikin, sai dai mu juya mu ce "'yan sanda ne suka kama shi". Ga kuma "da" da "a", su biyu kacal suna ɗauke mana aikin da Turanci ya raba wa kalmomi da dama. Shi ya sa yaro in ya rikice sai ya cusa by ko with ko'ina, ya bar wa Allah sauran.

Abin da nake sa su yi shi ne, kafin su rubuta kalmar, su tambayi jimlar da Hausa. In tambayar "wa ya yi?" ce, by ake so. In "da me aka yi?" ce, with. In "ina?" ko "yaushe?" ce, an koma in, at, on ko to. Tarihin ƙasar nan ya ishe mu misali. "Nkrumah was born at Nkroful in 1909": "at" ga ƙaramin gari, "in" ga shekara. "He was overthrown by the army and the police on 24 February 1966": by ga waɗanda suka yi juyin mulkin, on saboda an faɗi rana takamaimai. "Prempeh I was exiled to the Seychelles in 1900": "to", saboda kai shi can aka yi. Jimloli uku, guda ɗaya ce kawai ta nemi by.

Bambancin by da with na iya sa mutum a hannun hukuma, ba wasa nake ba. Wata yarinya ta kawo mini wasiƙar neman uzuri da ta rubuta wa makarantar ƙanenta, ta sa "He was hit with a stone". Na ce, "Wa ya jefe shi?" Ta ce, "Malam, ba kowa, daga saman gini dutsen ya faɗo." To ai with ya nuna akwai hannun da ya riƙe dutsen. Wanda ya faɗo da kansa, "hit by a stone" ake cewa.

Sai made, wadda ita kaɗai takan cinye mini darasi guda. Mu dai "an yi shi da" muke cewa, a wuce wurin. A Turanci sai ka dubi abin. In kayan da aka yi shi da su suna nan yadda suke, ido na gani, of ne: "The stool is made of wood", kujera ce amma icen bai ɓace ba. In sun sauya kama har ba ka gane su, from ne: "Chocolate is made from cocoa beans", haka ma man kaɗe, "made from shea nuts". In cikin kayan haɗi ka ambaci ɗaya, with ne, kamar waakyen Hajiyar da ke bakin layinmu, "made with sorghum leaves", ganyen dawar nan da ke ba shi launi. In wuri ne, "made in Ghana". In mutum ne, "made by a tailor at Asawase". Ku ɗauki abu ɗaya a ɗakinku, ko takalmi ne, ku gwada masa duka biyar ɗin.

Akwai kuma waɗanda tambaya ba ta fitar da su, sai hadda. Aikatau ɗin da kalmarsa tare suke tafiya, kamar kunu da ludayi, don haka tare za ka koye su. Maganar kotu cike take da su: "arrested for theft", "accused of theft", "charged with theft", "sentenced to two years". Laifi ɗaya, mutum ɗaya, kalma huɗu. Kada ku tambaye ni dalili, haka masu harshen suka ga dama. Known ma uku take rabuwa: garin Bonwire "is known for kente", abin da ya yi suna a kai ke nan, Kumasi "is known as the Garden City", laƙabi ke nan, mutum kuma "is known to the police", wato sun san da zamansa, ba kuwa yabo ba ne. Wadda ta fi kayar da 'yan Zango ita ce aure. "She is married to a trader" ake cewa. In ka ji with a nan, to 'ya'ya ake lissafawa: "married with three children".

Ni ban yarda da haddar dogon jeri daga allo ba, kwana biyu ya zube. Ka samu tsohuwar jaridar Daily Graphic, ko wadda aka naɗe maka ƙosai a ciki, ka buɗe labarin kotu ko na gwamnati. Duk inda ka ga was ko were da siga ta uku, ja layi har zuwa kalmar da ta biyo. Kwafe su a bayan littafinka, sannan ka ƙirƙiro taka jimlar a kan unguwarku: kwatar da ta toshe, "blocked with rubbish", ko titin da ruwa ya shanye, "covered with water". Biyar a rana sun isa.

Abu biyu kuma masu duba takarda ba sa yafewa. Aikatau da ba ya faɗa wa kowa ba ya shiga wannan gini sam, saboda haka babu "the accident was happened", babu "he was died", komai daɗinsu a baki. Na biyu, by ba kullum mai aiki take nunawa ba. In an manna sanarwa "Fees must be paid by Friday", ba Juma'a ce za ta biya ba, kai ne za ka biya kafin Juma'a ta wuce.

Wani lokaci kuma kalmar takan zo ƙarshe ita kaɗai, ba komai a bayanta: "He was laughed at", "The matter is being looked into". Yara sukan ga kamar jimlar ba ta ƙare ba, su goge at ko into. Ku bar ta a wurinta. Asalinsu "laugh at" da "look into" ne, in ka cire ta, ma'anar ta tafi tare da makin.