Darasi na Bakwai: Idan Birkin Babbar Mota Ya Cije

Duk mai bin hanyar Kaduna zuwa Zariya ya san Mararraban Jos, inda tireloli da tankokin mai ke jeruwa a gefen titi. Wata rana ina shan shayi a wurin, sai ga wata DAF ta shigo da lodin masara, ƙafarta ta baya ta hagu tana hayaƙi, ƙauri ya cika wuri. Tun direba bai kashe mota ba yaronsa ya diro ya suri jarkar ruwa. Wani dattijon makanike da ke zaune kan benci ya daka masa tsawa: "Kai yaro, ajiye! So kake ka fasa wa maigidanka durom?"

Dattijon ya yi gaskiya. Durom shi ne zagayayyen ƙarfen da ke juyawa tare da taya, wanda birki ke matsewa. Ƙarfen da ya ɗauki zafi sosai, in aka kwara masa ruwan sanyi, yana iya tsagewa ko ya karkace. Tayar da ta gasu kuma tana iya fashewa, don haka ba a tsayawa dab da ita. A matsar da mota nesa da jama'a da masu sayar da mai, a wuri shimfiɗaɗɗe. A sa waigi gaba da baya, a ajiye tukunyar kashe gobara kusa, a bar ƙafar ta huce da kanta.

Yadda birkin yake

Birkin tirela da iska yake aiki. Kwamfaresa ce ke tura iska cikin tankuna. In ka taka birki, iskar ta shiga wata ƙaramar tukunya da ke bayan taya, wadda makanikai ke kira camba. Ita sai ta turo sanda, sandar ta juya wani ƙarfe mai siffar harafin S, shi kuma ya buɗe takalman birki su matse durom. In ka ɗaga ƙafa, iska ta fita da "fushh", sifirin ya jawo takalman su koma.

Amma a ƙafafun baya akwai wani abu da yawancin yaran mota ba su sani ba. Cambar hawa biyu ce. A hawa na biyu akwai ƙaton sifirin na hambirki, kuma shi aikinsa a juye yake: iska ce ke danne shi. In iska ta yi ƙasa, sifirin ya miƙe ya kama taya. Wato mota na iya riƙe birki ba don wani abu ya karye ba, sai don iska ba ta ishe ta ba.

Ƙafa ɗaya ce ko duka?

Wannan ce tambayar da za ka amsa tun ba ka ɗauki sifana ba. Zagaya motar, ka riƙa kai bayan hannunka kusa da kowace ƙafa, ban da taɓawa. Wacce ke huci?

In duka ƙafafun baya sun yi zafi, ko duk na bodi, wato bayan da kan mota ke ja, to koma wajen iska. Dubi agogon iska da ke gaban direba. A motocin Turai irin su DAF da MAN, allura takan kai 8 ko sama da haka in tanki ya cika. Motocin Amurka irin su Mack lissafinsu daban, sukan nuna tsakanin 100 da 125. In allura ta ƙi hawa, kashe inji ka kasa kunne. Inda ka ji tsaki, shafa ruwan sabulu, kumfa za ta nuna maka ɓular. Duba tiyo biyun da suka haɗa kan mota da bodi, musamman mai launin ja, domin shi ke kai iskar da ke sakin birkin bodi. Sau da yawa lanƙwashewa kawai ya yi, ko robar bakinsa ta cinye.

Sannan ka ja igiya ko zoben da ke ƙarƙashin kowane tanki. Ranar nan da dattijon ya ja na DAF ɗin, wani ruwa ne ya tsarto ruwan ƙasa-ƙasa, haɗe da baƙin mai, ya fi cikin kofin shayi. Ya ɗago ya dubi direban: "Malam, yaushe rabonku da zubar da wannan?" Direba ya dubi yaro, yaro ya dubi ƙasa. Ruwan nan shi ke bin tiyo ya sa bawul tsatsa, har ya daina sakin iska da wuri. Kullum ake zubar da shi, balle da damina.

In kuwa ƙafa ɗaya ce tak, galibi matsalar tana nan wajenta. Bayan ta huce, a ɗaga ta da jak, a tokare da ƙarfe ko katako mai ƙwari, kada a dogara da jak shi kaɗai. A tara iska, a saki hambirki. Sa mutum ya taka ya saki, kai kuma ka zuba wa sandar camba ido, hannunka nesa da ita. Ya kamata ta fito ta koma nan take. In ta koma a hankali kamar mai ciwon baya, ko iska ce ta maƙale a ciki, ko ƙarfen S ya bushe. Makanike kan ɗan sassauta bakin tiyon birkin da ake takawa, ba na hambirki ba, a jikin camba. In iska ta fito taya ta sake, laifin bawul ne ko tiyo. In babu iska kuma taya na nan a cije, sai a cire durom.

Abin da aka fi tararwa a ciki bai wuce uku ba: sifirin jawo takalmi ya tsinke, ko lainin da ke manne a fuskar takalmi, mai gogar durom, ya ɓalle ya cushe, ko ƙurar hunturu da laka sun daskare a inda ƙarfen S ke juyawa. A wanke, a canza abin da ya mutu, a sa giris a wuraren da aka yi dominsa, daidai misali. Giris in ya taɓa laini, birkin ya tashi aiki. Ƙurar durom kuwa da jiƙaƙƙen tsumma ake sharewa, ba a hure ta, tana cutar da huhu. In zafin daga tsakiyar ƙafa yake fitowa, ga gurnani in an juya taya, a duba boris, ba ruwan birki.

Motar da ta kwana biyu a ajiye da damina, takalminta kan manne da durom saboda tsatsa. Wannan mai sauƙi ne. Sa waigi, saki hambirki, ɗan bubbuga gefen durom da guduma, za ka ji "ƙas" ya sake.

Abu biyu da ba a yi

Kada ka taɓa buɗe hawan camba mai sifirin. Ƙarfinsa ya isa ya kashe mutum. Akwai wata doguwar kusa mai zare da aka yi don janye shi in za a yi gyara ko jan mota, kuma in an ɗaura ta, wannan ƙafar ba ta da hambirki sai an kwance. Cambar da ta lalace sabuwa ake saye a ɗaura.

Na biyun shi ya fi ba ni haushi, don na sha gani. Birki ya cije, ana sauri, sai a sassauta saitin ƙafar gaba ɗaya ko a toshe tiyonta, a ce in an je Kakuri ko Panteka cikin garin Kaduna a gyara. Hayaƙi ya tsaya, gaskiya ne, amma ga lodi, ga ƙafa ɗaya ba birki, ga cunkoson Kawo a gaba. In makanike bai kusa, a kira shi a waya a jira.

Masu Canter mai birkin mai, naku daban ne: tiyon roba kan ruɓe ta ciki ya hana mai komawa. Kuma kada ku kuskura ku zuba baƙin mai a madadin man birki, yana kumbura robobi duk ƙafafun su cije.

Aikin gida

Gobe da safe kafin a tada mota, ƙirga tankunan iskarta, ka ja igiyar kowanne. Rubuta a littafinka tanki nawa ne, wanne ya fitar da ruwa, da lambar da allura ta nuna bayan iska ta cika. Ka zo da shi aji.