Yadda Za a Gina Zumuntar Matasa Mai Rai a Ikilisiya

A majami'u da yawa na Jos, daga Tudun Wada har Bukuru, ana auna aikin matasa da cikar benci ranar taron waƙe-waƙe. A kawo ganguna da lasifika, wuri ya cika maƙil, bayan sati biyu a kira nazarin Littafi Mai Tsarki a ga mutane tsiraru. Ma'aunin ne ya karkace. A Markus 3:14 Yesu ya keɓe mutum 12 domin su kasance tare da shi, sannan ya aike su wa'azi. Zaman tare shi ya riga aike, kuma a kansa ake ɗora sauran tsari.

A fara da raba shekaru: 13 zuwa 17 daban, 18 zuwa 25 daban. Damuwar mai shirin WAEC ba ɗaya take da ta wanda ya gama bautar ƙasa yana yawon neman aiki ba. In an haɗa su, manya su mamaye magana, ƙanana su yi tsit, daga nan su janye ƙafa. Sai a kasa su rukuni-rukuni, mutum 6 zuwa 8, kowane da jagora da mataimaki.

Wajen zaɓen jagora ne aka fi yin tuntuɓe. Ana ɗauko mai zaƙin baki ko gwanin jita, alhali abin nema shi ne wanda ya yi baftisma, dattawan ikilisiya sun san zamansa a gida da unguwa, kuma yana da lokaci. Dole ya san sunan kowane yaro, gidansu da iyayensa. Yaro ya yi fashi sati 2, kada a tsaya kan saƙon WhatsApp, a taka har gida a ce, "Mama, kwana biyu ba mu ga ɗanmu ba, lafiya dai?" A irin wannan gaisuwar ake jin cewa kuɗin makaranta ne ya gagara, ko an fara bin wata majalisa da dare.

Zaman mako minti 90 ya isa: 15 waƙa da addu'a, 40 nazari, 20 tambayoyi, 15 yi wa juna addu'a. A ɗauki littafi guda a bi shi har ƙarshe. Markus babi 16 ne, babi ɗaya a mako ya kai ku wata 4. A karanta da Hausa, a maimaita da Turanci, don yaran Jos da dama sun fi jin Hausa a kunne amma sun fi saurin karatu da Turanci. Jagora ya rage wa'azi, ya yawaita tambaya.

Lokacin tambayoyin nan, kada a yarda komai ya cinye shi. A ajiye kwali a bakin ƙofa, kowa ya jefa takarda ba suna. Abin da zai fito: soyayya, cacar ƙwallo a waya, tramadol da maganin tari mai kodin da gwamnati ta haramta a 2018, da ɗacin da rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010 suka bari a gidaje. A amsa a fili, da Nassi, ba da tsawa ba. Ranar da sirrin yaro ya zama misali a kan bagade, amana ta ƙare. Sai dai in magana ta shafi cin zarafi ko barazana ga rai, a gaya wa yaron cewa za a kai ta ga fasto, a kuma kai nan take.

Kada jagora ya keɓe da yaro ko yarinya a ɗaki rufe. A tashi kafin ƙarfe 6 na yamma domin masu komawa nesa. Baiko kuwa, wato kuɗin da ake bayarwa a taro, mutum biyu su ƙirga, ma'aji da magatakarda su sa hannu, a karanta rahoto duk wata 3.

Zumunta ba wata ikilisiya ba ce a cikin ikilisiya. A ba matasa karatun Nassi da karɓar baƙi a sujadar Lahadi, a daidaita kalanda da ƙungiyoyin yaran ikilisiya na Boys' Brigade da Girls' Brigade, da mawaƙa, don kada a yi ta jan yaro ɗaya wuri uku. 'Yan makarantar kwana a haɗa su da FCS, ƙungiyar zumuntar ɗalibai Kirista, wadda ta faro a Gindiri a 1957. Kuma tun da jami'a da aure kan ɗauke jagorori ba shiri, mataimaki ya riƙa jan nazari sau ɗaya a wata, jagora na zaune yana sauraro, su tattauna gyara bayan an tashi.