Yadda ake haɗa jirgin ƙasa na gwangwani tare da yara

Iyaye a nan Gusau sun yi ta tambayata yadda ake yi. Ga shi:

1. Ku wanke gwangwanayen sardin huɗu.
2. Ku daddake bakinsu da guduma. Kada a tsallake wannan, a nan yara suke yanke yatsa.
3. Babba ya huda ramuka biyu a kowane gefe da ƙusa.
4. Ku zura tsinken tsire ta ramukan.
5. Ku kafa murafen robar lemo su zama tayoyi.
6. Ku ƙulla taragan da waya. A bar ta sako-sako, in ta ɗaure tamau jirgin ba zai sha kwana ba.
7. Ku jera kara biyu daidai faɗin tayoyin, layin dogo ke nan.
8. Yara su yi tashoshi da kwali: Funtuwa, Gusau, sai Ƙauran Namoda inda layin ya ƙare.